Fararen Ɓerayen Dakta a Ɗakin Imoro

Duk wanda ya zauna a unguwar Maamobi a shekarun baya ya san Imoro Mai Ɓera, in bai san fuskarsa ba ya san sunan. Ni kuwa na san shi fiye da suna, don ƙofar ɗakina da tasa suna kallon juna a gidan hayar Alhaji Abdulganiyu, kuma igiya ɗaya muke shanya a kanta. Sunana Awabu. Masara da gyaɗa nake sayarwa a kasuwar Malam Atta tun ina iya ɗaga buhu da kaina. An faɗi maganganu da yawa a kan bawan Allahn nan, wai tsafi yake yi, wai kansa ya taɓu, wai cin ɓerayen yake. Duk ƙarya ce. Tun da bai bar ɗa ko ƙane da zai tsaya masa ba, bari ni in faɗi yadda aka yi, wanda ya ga dama ya ji haushi.

Ba da ɓera ya fara ba. Ubansa mutumin ƙasar Mosi ne, mai kiwon ragunan layya a lungunan Nima, kuma a cikin ragunan nan Imoro ya tashi. Tun bai yi gemu ba ya iya buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa, ya shafa gadon bayansa ya san ko kitse ne ko kumburin dusa. Akwai abu guda da uban bai taɓa wasa da shi ba: ba a barin rago ya hau uwarsa ko 'yar'uwarsa. Lokaci-lokaci sai an je inda motocin arewa suke sauke dabbobi a zaɓo baƙon rago a kawo. In ba a yi haka ba, in ji tsohon, 'ya'ya za su riƙa zuwa ƙanana, uwaye su ƙi shayarwa, garke ya lalace kana kallo. Kowane mai kiwo a Zango, unguwanninmu na baƙi da mutanen arewa, ya san wannan, ba karatu ba ne.

Sai aka yi korar baƙi, gwamnati ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da takarda ya fita. Waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Uban ya tafi, 'yan'uwan suka tafi, matarsa Husseina ma ta bi iyayenta a kan cewa in ƙura ta lafa za ta dawo. Shi ya tsaya saboda uwarsa 'yar Bawku ce, 'yar ƙasar nan, kuma tana kwance ba ta iya hawa mota. Ba a yi nisa ba tsohuwar ta rasu. Husseina kuwa ba ta dawo ba, ba a kuma ji ta mutu ba, aka bar mutum a rataye, ba mai mata ba, ba gwauro ba. Haka ya zo gidanmu da tabarma da buta da wata tsohuwar rediyo.

Aikin ɓeran ya same shi ne ta hanyar rago. Wani Dakta Iddrisu, ɗan arewa da ya yi karatu a ƙasar Turawa ya dawo, ya zo sayen ragon suna. Ragon ya tsinke igiya ya shiga gota, kwatar ruwan bakin titi, mutane suna ta ihu, Imoro ya sauka ya yi masa magana a hankali ya fito da shi ba ko bugu. Dakta ya tsaya yana kallo. Daga nan ya ce yana da wasu dabbobi a wani ƙaramin ɗakin bincike a bayan gari, yana neman mai hannu irin wannan. Imoro ya ɗauka awaki ne. Da ya dawo ranar farko na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mma Awabu, ɓeraye ne. Farare tas, idonsu ja."

Na yi dariya har na zauna a kan turmi. Na ce, "Malam Imoro, mu muna sayen tarko, kai kana ba su abinci? In ɓera kuke so ku zo rumfata, kyauta zan ba ku, har in ƙara muku da godiya!"

Wata Sallah Daktan ya zo gaishe shi, ni kuma ba na iya haɗiye magana. Na kawo masa ruwa na ce, "Dakta, duk karatun nan da aka ce ka yi, a kan ɓera ya ƙare?" Bai ji haushi ba. Mutum ne siriri mai yawan murmushi, Hausarsa irin ta Tamale. Ya ce in zauna. Ya ce jikin mutum yana ƙera wasu 'yan dakaru a cikin jini, garkuwar jiki ke nan, kuma kowace cuta da irin dakarun da suka dace da ita. Cututtuka ba su da iyaka, to ina jiki yake samun zanen kowane ɗaya? Ya nuna min telan da ke ƙofar gida. Ya ce abin da muka gada daga iyaye ba riguna ɗinkakku ba ne, ƙyallaye ne a jere, tuli-tuli. Jiki sai ya ɗauko ɗaya daga wannan tulin, ɗaya daga wancan, ya yanke abin da ke tsakani ya haɗa. Da ƙyallaye kaɗan sai ya fitar da riguna ba adadi.

Na ce, "To, ina ruwan ɓera?"

Ya ce jerin da ke jikin ɓera da wanda ke jikina kusan ɗaya ne, wannan na bin wannan, sai dai a namu wani yanki ya maimaitu. Wai tun da can can asalin jerin guda ne, zamani ya yi ta kwafarsa yana sauya shi kaɗan-kaɗan, namu ya bi hanyarsa, nasu ya bi tasa. Na ce a'uzubillahi, ni dai ba ni da dangi a rami. Imoro kuwa ya jinjina kai ya ce, "Ai Mai ɗinkin ɗaya ne, Mma Awabu. Dole hannu ya yi kama." Dakta ya yi dariya ya ce shi bai ƙi wannan ba.

A ranar na ji cewa ɓerayen nan ba irin na ko'ina ba ne. Dakta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a can waje yana haɗa su yana tacewa, har ya sami zuriyar da komai nata iri ɗaya ne, sai wannan jerin na garkuwar jiki kaɗai da ya ɗauko daga wata zuriya dabam. Da su yake so ya gane dalilin da zazzaɓin sauro yake kayar da wani ya ƙyale wani. A cikin akwati ya shigo da su ƙasar nan, kuma ya ce babu irinsu a wani wuri.

Abin da ya dami Imoro shi ne dokar kiwon. Wa da ƙanwa ake haɗawa, kullum, ba a sa baƙo. Ya sha zama a bakin ƙofarsa da yamma yana ce min, "Wallahi duk ranar da na haɗa su sai na ji kamar Baba yana tsaye a bayana." Ya yi wa Dakta magana, Dakta ya ce haka ake so, don kowane ɓera ya zama kamar ɗan'uwansa sak, in an gwada abu a kan ɗaya kamar an gwada a kan duka ne. Imoro ya bi umarni, don shi ba mai gardama ba ne. Amma bai taɓa yarda a zuciyarsa ba, ya dai ɗauka wata al'ada ce ta Turawa da ake haƙuri da ita.

Aikin nan ya raba shi da mutane, ba ɓoye-ɓoye. Akwai wani wari da ke bin mai kiwon ɓera, ko ya yi wanka da sabulun salo sau nawa. A masallaci sai ka ga an bar 'yar tazara a gefensa. Mazan gida suna haɗa kwano su ci tare, shi ba a taɓa cewa kada ya zo ba, amma ba a taɓa matsa masa wuri ba, har ya gane ya daina fitowa. Sau ɗaya ya nemi wata bazawara a Nima, danginta suka tambayi sana'arsa, magana ta mutu a nan. Da asuba zai kama trotro, motar hayarmu, da la'asar ya dawo, ya ci abincinsa shi kaɗai yana fuskantar bango, rediyo tana ta surutu. In ka ji muryarsa ta yi tsawo, to labarin ɓeraye yake ba ni: wadda ta haihu, wanda ya yi faɗa, wata mai wayo da ta koyi ɗaga murfi. Ina tsokanarsa, amma ina saurara, don tausayinsa nake ji.

Da abubuwa suka fara taɓarɓarewa a ƙasar nan, kayan aiki suka yanke wa Dakta. Ya sami hanyar komawa waje, wai na ɗan lokaci, ya nemo taimako ya dawo. Ya zo har gida sallama. A gabana ya riƙe hannun Imoro da hannu biyu ya ce, "Malam Imoro, rayuwata ce na bar maka. Ko me za a yi, kada ka bari su ƙare." Imoro ya ce, "In ina numfashi ba za su ƙare ba, Dakta." Ban taɓa ganin an ba shi amanar wani abu a gaban mutane ba sai ranar, kuma na ga yadda ƙirjinsa ya buɗe.

Sai shekarar yunwa ta zo, tamanin da uku. Yaran yanzu in ana ba su labari gani suke ƙari ake yi. Ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonaki, ga mutanenmu da aka koro daga Najeriya sun cika gari. Mata suna layin dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ɓawo, tun bai dahu ba, su karɓe shi ɗanye su kai gida. Ƙashin wuyan kowa ya fito. Ni mai sayar da masara, sai in wuni a rumfa ba ni da abin aunawa.

A wurin aikin Imoro lantarki ya ɗauke, famfo ya ƙafe, abincin ɓeraye ya ƙare, ma'aikata suka watse kowa yana neman abin da zai kai bakinsa. Mota ta yi wuya, ya koma zuwa da ƙafa. Da ya ga zafin ɗakin yana kashe su, kuma ba mai tambayarsa, sai ya ari kurar ɗaukar kaya ya lodo kejin duka ya rufa musu buhu ya kawo su Maamobi. Ya shigar da su ɗakin da yake kwana.

Kai, ranar gidanmu ya kama da wuta! Mata suka fito da zani a ƙirji. Alhaji Abdulganiyu ya ce ko ɓeraye su fita ko mai su ya fita. Ni ce ma na fi kowa ɗaga murya, ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "Imoro, yara suna kwana da yunwa a gidan nan, kai za ka zuba wa ɓera hatsi? Kana da hankali kuwa?" Ya bari muka gaji, sannan ya ce wa Alhaji a hankali, "Amana ce, Alhaji. In ka ce in fita zan fita da su, amma ba zan zubar ba." Alhaji dattijo ne mai tsoron Allah, kalmar amana ta ɗaure shi. Ya ce su zauna, amma in ɗaya ya fito tsakar gida, shi ke nan.

Daga ranar aka daina gaishe shi. Uwaye suka hana yara bi ta ƙofarsa. Ni ma na yi kwanaki ba na kallon inda yake. Abin da ya karya ni, wata rana da hantsi na leƙa ta labulensa zan karɓi bokitina, na same shi ya jiƙa 'yar jar masarar agajin da aka raba mana, yana tauna ta da bakinsa yana ba wata uwa da ta kasa ci. Rabonsa ne na ranar gaba ɗaya. Wuyansa ya zama kamar na kaza. Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka," na fita ina zage-zage. Amma tun daga ranar, in na share rumfa ba na zubar da sharar. Ina tankaɗe ta, in ware tsakuwa, in ƙulle ɗan abin da ya rage a bakin zani in kawo masa.

Duk da haka ɓerayen suka yi ta raguwa. Haihuwa ta yi wuya. Wadda ta haihu sai ta kawo biyu ko uku kamar tsutsa, kafin gari ya waye ta cinye su. Mazan suka zama ragwaye, suna kwance ko kallon matan ba sa yi, daga baya suka bi juna suka mutu. Aka wayi gari saura namiji ɗaya, tsoho, gashinsa yana zuba, da 'yan mata da ba su cika hannu ba. Dakta shiru, ba wanda ya san inda za a same shi. Imoro ya daina kunna rediyo.

Wata safiya sai ga shi a rumfata a Malam Atta, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna ya ce, "Mma Awabu, abin da Baba ya faɗa ne yake faruwa. Jininsu ya gaji. Tun farko na gaya wa Dakta. In ban kawo musu baƙon namiji ba, kafin azumi babu ko ɗaya."

Na ce, "Ba ya ce kada a haɗa su da wani ba?"

Ya ce, "Ya faɗa, lokacin da akwai maza. Amma maganarsa ta ƙarshe ita ce kada su ƙare. In ya dawo ya sami keji wayam, me zan ce masa?"

Ni dai na ga magana ce mai hankali, har gobe kuma haka nake gani. Wace mace ce a Zango za ta ce masa a'a? Mu nan duk haka muka tashi, uba daga nan, uwa daga can, kuma ga mu da ƙarfinmu.

Na kai shi bayan rumbun da muke ajiye buhuna. Ya kifa kwano, ya tokare shi da ɗan tsinke, ya sa ƙwayar gyaɗa. Ku zo ku ga ikon Allah, mutum yana zaɓen ɓera kamar mai sayen ragon layya! Na farko ya ce ya tsufa, ya sake shi. Wani ya ce ƙirjinsa ya yi ƙunci. Wani kuma ya duba ya ga mace ce. Matan kasuwa suka kewaye mu suna shewa, wata 'yar ƙabilar Ga tana tambaya ko sadaki za mu biya. Sai da ya yi kwanaki yana zuwa kafin ya sami wanda ya kwanta masa, wani ɗan toka-toka mai sheƙi, idonsa kamar zai yi magana. Ya kai shi gida, ya shafe shi da toka saboda ƙuma, ya ware shi a keji dabam yana duban kashinsa da cinsa, yadda ake yi wa baƙon rago. Da ya tabbata lafiyarsa lau, ya yi bisimilla ya sa shi cikin matan.

Ɗan kasuwa bai yi wasa ba. Ba a daɗe ba matan suka ɗauki ciki, suka zubo 'ya'ya cike da gida, kuma ba wadda ta ci nata. Imoro ya kira ni in gani. Da gashi ya fito musu sai murna ta koma ciki, don duk launin ubansu suka ɗauko, ba fari ko ɗaya. Ya kwana biyu ba ya cin abinci. Can ya tuna cewa a garken ubansa farar tunkiya takan ɓace a 'ya'ya ta dawo a jikoki. Haka kuwa aka yi. A jikokin aka fara samun farare masu jan ido jefi-jefi, ya riƙa tsince su yana haɗa su da juna, masu tokar kuma ya mayar da su bayan kasuwa ya saki. Kafin ruwa ya dawo ƙasa ta farfaɗo, kejin nan sun cika da fararen ɓeraye masu ƙiba, sun fi na da kyau nesa ba kusa ba. Rediyo ta dawo da magana. Har waƙa na ji yana yi musu.

Dakta ya dawo bayan an manta da shi, ya yi furfura a gefen kai. Ya je wurin aikin ya tarar da ɗakin ɓeraye ba komai sai yanar gizo, wani mai gadi ya ce masa ai Imoro ya kwashe su tun shekarar yunwa. Ranar Asabar ce da hantsi, kowa yana gida. Tasi ta tsaya a bakin titi, sai ga shi yana tsallake gota da sauri kamar yaro. Imoro ya fito da kejin ɗaya bayan ɗaya ya jera a tsakar gida, a wurin da aka ce in ɓera ya taka za a kore shi, kuma ba wanda ya hana shi. Matan da suka yi shekaru ba su gaishe shi ba suka matso. Alhaji ya sa aka kawo masa kujera ya zauna yana kallo.

Dakta ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai kyau. Ya ɗauki ɗaya ta wutsiya ya ɗora a bayan hannunsa, hawaye suna zuba. Ya ce a can waje kowa ya gaya masa ya cire rai. Ya juya ga mutanen gida ya ce, "Kun san wanda kuke zaune da shi kuwa? Abin da mutumin nan ya yi, masu digiri ba su yi ba." Alhaji ya ce, "Ai mun san shi, mutumin kirki ne." Na kalle shi na kau da kai. Imoro yana tsaye, ya sa rigar Sallarsa a karkace, bakinsa ya ƙi rufuwa. Wallahi na yi masa murna har cikin raina.

Sai Dakta ya ce, "Amma yaya ka yi? Ko a hannuna ba su taɓa yin ƙiba haka ba."

Da ya yi shiru, Allah kaɗai ya san yaushe za a gane. Amma me zai ɓoye? Shi a ganinsa wannan ne wurin da ya fi cancantar yabo. Ya gyara tsayuwa ya ba da labari tiryan-tiryan, yadda mazan suka mutu, yadda ya zaɓo ɗan kasuwa, yadda fari ya ɓace ya dawo. Har ya nuna ni ya ce, "Ga Mma Awabu nan, a rumfarta muka kama shi."

Ina kallon fuskar Dakta tana sauyawa. Ya mayar da ɓeran cikin keji a hankali ya rufe. Ya nemi wuri ya zauna a bakin rijiyar da ta ƙafe.

Ya ce, "Duka? Ba ko ɗaya da bai haɗu da shi ba?"

"Duka jikokinsa ne, Dakta. Amma ka duba, farare ne."

"Farin a gashi yake, Malam Imoro. Abin da nake nema a ciki yake, kuma ya cakuɗe. Yanzu in na ga wani abu a jininsu, ban san ko nawa ba ne ko na ɓeran kasuwa. Kafin in sake tace su sai in ƙara wasu shekarun da ba ni da su. Ba ma za a bar ni in shigar da su ɗakin bincike ba, don ba a san cutar da ya kawo musu ba." Ya dafe kansa. "Na gaya maka kada a sa baƙo."

Imoro ya ce, "Ka kuma ce kada su ƙare."

Dakta ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na faɗa."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Dakta, ka ji tsoron Allah! Kana can kana cin burodi da bota, mutumin nan yana tauna rabonsa yana ba dabbobinka. An daina gaishe shi saboda kai. Yanzu ka zo ka ce ba su yi ba?" Ya ce, "Mma, gaskiyarki ne, ban ce ya yi laifi ba." Ni da ya yi faɗa ma da ya fi min, in san da wanda nake yi. Amma shi ma abin tausayi ne a zaune a wurin, mutum ya ga ƙuruciyarsa ta tafi a banza.

Mutanen gida suka fara sulalewa, kowa ya tuna yana da aiki. Wata ta yi 'yar dariya a bayan labule, na san ko wace ce, Allah ya jiƙanta yanzu. Da Dakta ya tashi tafiya, Imoro ya bi shi har ƙofa ya ce, "To, su ɗin nan fa? Na wa ne yanzu?" Dakta ya ce, "Naka ne, Malam Imoro. Ka yi yadda ka ga dama da su." Ya ce in abubuwa sun daidaita zai aiko a kira shi. Daga baya muka ji ya bar bincike ya koma duba marasa lafiya a wani asibiti a arewa.

Alhaji ya ce tun da amana ta ƙare, sai a kawar da su. Wani ya kawo shawarar bokitin ruwa, wani ya ce a kira masu kyanwa. Imoro ya ce a ba shi lokaci. Ba zai iya kashe su ba, kuma ya san in ya sake su, farin nan nasu ba zai bar su su kai yamma ba. Abin da ya yi, ya zauna ya ware maza gefe guda, mata gefe guda, ya sa katako a tsakani. Mutumin da ya hana kansa abinci don su haihu, shi ne da hannunsa ya hana su haihuwa.

Ya koma taya wani mai raguna aiki a Nima, yana yanko ciyawa yana kwaso ɓawon rogo. Da ya dawo sai ya wanke keji, ya canza ruwa, ya ba su abinci kamar Dakta zai zo dubawa gobe. Ɓera ba ya daɗewa a duniya. Suka tsufa a gabansa, suna tafiya ɗaya-ɗaya, duk wanda ya mutu ya naɗe shi a tsumma ya kai bayan gida ya binne. Keji ya zama wayam sai ya wanke shi ya kife a kan ɗan'uwansa. Ya daina ba ni labarinsu, ni ma na daina tsokanarsa, don abin ya wuce wasa.

Ta ƙarshe wata mace ce da ta makance. Ranar da ta mutu na dawo kasuwa da la'asar na same shi zaune a bakin ƙofa, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin da zai yi da su. Na zuba masa wake da shinkafa na kai masa, na zauna a gefensa, abin da ban saba ba. Ya riƙe kwanon bai buɗe ba.

Ya ce, "Mma Awabu, ke ba kya ɓoye magana. Da na bar su sun mutu tun shekarar yunwa, da Dakta ya ce na riƙe amana?"

Ƙarya nake so in yi masa, ta ƙi fitowa.

Na ce, "Da ya ce, Malam Imoro."

Ya jinjina kai ya ce shi ma haka ya gani. Sannan ya roƙe ni kada in tashi tukuna, in bari ya gama ci.